Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Mai Yaƙi da Tattabaru

Bawana, gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da ɗan abin da ya saura na tattabarun da ka ɗaura wa yaƙi.

Labari ya iso mini Kano tun kafin ka gama huci. Ka san mata ba sa ɓoye wa juna komai: uwargidanka ta kira tawa, tawa kuma ta ajiye mini shi tare da tuwon dare. Wai sakamakon jarrabawar autanka ya fito, ya yi ƙoƙari a komai sai kemistiri da ya rame, shi ne ka miƙe a tsakar gida, hula a karkace, ka yanke hukunci cewa kafin a koma hutu ko gashin tattabara ɗaya kada ka ƙara gani a gidanka, don kai likita kake so ka haifa, ba Sarkin Tsuntsaye ba. An ce har da Turanci ka haɗa, don tsuntsayen su san gidan ɗan boko suke. Na tambaya ko ka ce "tattabaran nan shi ya lalata mini yaro", aka ce haka ka faɗa, ba ƙari ba ragi. Na ce to lallai shi ne. Bazazzage ko a tsakiyar fushi ba ya raba mace da namiji.

Da ma ina da magana a kan tsuntsayen nan tun zuwana ƙaramar sallar bara, na haɗiye ta don kada a ce baƙo ya zo ya raba gida. Yanzu tunda ka kai ga zare wuƙa, bari in fito da ita.

Ka tuna ka bar ni a zaure wajen awa biyu, ka ce za ka je ka dawo yanzun nan, irin "yanzun nan" ɗinku na Zage-zagi? To ba zama na yi ina ƙirga azara ba. Yaron ne ya zo ya gaishe ni, na ga ƙaiƙayin gero a hannun rigarsa, na tambaye shi, ya ce, "Baba, ko za ka ga tattabaruna?" Ya ja ni bayan madafa, lungun nan da kake zuba tsofaffin jaridun da ba ka karantawa. Na tarar ya jera tsofaffin tukwane da akwatunan katako a jikin bango, kowanne da lamba da ya rubuta da gawayi, ƙasa a share, ga kaskon ruwa mai tsabta wanda ya fi butar alwalarka haske. Wannan bai ba ni mamaki ba, yara da yawa suna yi. Abin da ya tsayar da ni shi ne littafin da ya zaro daga ƙarƙashin wani kwano.

Littafin rubutu ne mai shafi tamanin, irin wanda ka sayo masa don lissafi. Ya ja layuka da rula. Ga lambar tukunya, ga ranar da aka saka ƙwai, ga ranar ƙyanƙyasa, ga launin uba, ga launin uwa, ga launin 'ya'ya. Can gefe akwai wurin waɗanda suka mutu, da abin da yake zaton ya kashe su: wannan mage, wannan sanyi, wannan ciwon nan mai murɗe wuya. Shafi bayan shafi, fiye da shekara guda, ba ranar da ya tsallake. Ni da nake Bakano, na ga littattafan bashi na manyan 'yan kasuwa a Kantin Kwari, wallahi kaɗan ne suka kai wannan tsari.

Ya tsuguna yana yi mini bayani kamar malami a gaban almajiri. Ƙwai biyu tattabara take yi, ba ta ƙarawa. Namiji da mace ke karɓa-karɓar kwanci, shi ya hau da hantsi zuwa la'asar, ita ta karɓa ta kwana. Kwana 18 ne, wani lokaci ya ɗara da yini. In sun ƙyanƙyashe, uwa da uba duka suke ɗura musu wani farin abu daga maƙoshi mai kama da kindirmo, sai bayan 'yan kwanaki su fara haɗa musu da tsaba. Sati huɗu ɗan shila ya cika gashi. Duk wannan na ji na gyaɗa kai. Sai ya buɗe wani shafi ya ce, "Baba, ga wani abu da na lura da shi, amma ban san dalili ba." In ya haɗa namiji mai ruwan toka, mai baƙaƙen layuka biyu a fiffike, da mace mai jaja-jaja, to 'ya'ya maza launin uwa suke ɗaukowa, mata kuma launin uba. Ya gwada ya sake gwadawa, bai taɓa saɓawa ba. Saboda haka shi tun gashi na fara tsirowa yake sanin wanne ne namiji wanne ne mace, alhali masu kiwo da yawa sai tsuntsu ya girma ya fara guɗa yana zagaye mace suke tantancewa.

Ka ji ikon Allah. Yaro yana raba mace da namiji tun suna 'yan shila, a gidan da ubansa ya shekara hamsin da ɗoriya yana cewa "matana ya tafi unguwa".

Abin da yaron nan ya gano da idonsa da rularsa, shi ne darasin gado da ake koyarwa a bayoloji a ajin ƙarshe na sakandare, wanda yara ke haddacewa su zubar a takarda su manta kafin su kai ƙofar makaranta. Masana sun daɗe da tabbatar da shi: launin nan yana tafiya ne tare da ƙwayar halittar da ke raba jinsi, shi ya sa yake ƙetarawa daga uwa zuwa ɗa, daga uba zuwa 'ya. Mutumin da ya buɗe ƙofar wannan ilmi kuwa, Gregor Mendel, limamin coci ne a garin Brno, kuma abin da ya yi bai wuce na autanka ba. Wani irin wake ya riƙa shukawa a lambu, yana haɗa wannan iri da wancan, yana ƙirgawa yana rubutawa, wajen shekara takwas, ya fitar da sakamakon a 1866. Ba wanda ya aike shi. Kuma don ka ji daɗi, sau biyu yana zama jarrabawar samun takardar malanta bai haye ba. Da ɗanka ne, da tuni ka sa an tuge waken an zuba wa akuya.

Na san abin da za ka ce. Za ka gyara gilashi ka jawo mini karin maganar nan ta abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ku da Allah ya hore wa rimaye a Zariya, ba abin da kuka iya yi da su sai tsorata yara. To ni na hau rimin tare da kai, ga abin da na hango. Yaro yana da abu iri biyu a rayuwarsa ta makaranta: wanda ake sa shi, da wanda yake sa kansa. Na farko yana nuna maka ladabinsa ne kawai, ko tsoron bulalarka. Na biyu shi ke nuna maka inda hankalinsa yake kwana. Kai da bakinka ka ce sai an yayyafa masa ruwa yake tashi karatun asuba. Wa yake tashinsa ya share ɗakin tattabaru kafin rana ta fito? Wa ya koya masa haƙurin jiran kwana 18, da juriyar binne tsuntsun da ya raina da hannunsa ya koma ya rubuta abin da ya kashe shi? Waɗannan halaye su ne jarin likitan da kake mafarki, kuma ba a sayar da su a wurin lesin ɗin da kake zuba wa kuɗi duk wata.

Kemistirin ma na tambaye shi a waya shekaranjiya, don ba na yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya kamar wasu. Ya ce tun da aka fara zangon ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, allo ake cikawa su kwafa. To ina laifin tattabara a nan? Yaron da yake auna maganin tsuntsaye da murfin kwalba a cikin litar ruwa, ya san in ya zarce zai kashe, in ya gaza ba zai warkar ba, ai ya riga ya shiga kemistiri ta ƙofar baya. Da za ka sauke girman kai ka tsuguna a lungun nan, ka tambaye shi me ya sa kashin tattabara in ya taru ya jiƙe yake hawa kai da wari, me ya sa kuma masu lambu ke rububinsa fiye da kashin shanu, da ka ja shi har zuwa sinadarin naitirojin da ke cikin buhun takin zamani ba tare da ya san karatu ake yi ba. Igiyar da za ka ja shi da ita zuwa littafi ke nan, kai kuma ita ka ɗauko wa almakashi.

Abin da ya fi ba ni dariya, a ce wai a Zariya ake wannan. Garin da ya rasa sunan da zai sa wa tsohuwar makarantarsa sai Alhudahuda, tsuntsun da ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba'u. Ɗayar kuma, wadda kuke cika mana baki da ita don ta yaye shugabannin ƙasa, Barewa. Kun sa wa makarantu sunan tsuntsu da dabba, sannan yaro ya so tsuntsu ka ce ya lalace. In ka fita Samaru ka miƙi hanyar Funtuwa, kafin ka gaji da tuƙi ka iso Shika, inda cibiyar binciken dabbobi ta jami'arku ta Ahmadu Bello take. Furofesoshi ne a can, masu furfura irin taka, suka share shekaru suna haɗa wannan zakara da waccan kaza, suna rubuta wadda ta fi ƙwai da wadda ta fi jure zafin ƙasarmu, har suka fitar da kazar da ake kira Shika Brown. Da littafinsu da na autanka, bambancin kawai su ana biyansu albashi. A cikin Samaru kuma ga tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta. Darussa huɗun da JAMB ke nema ga mai son likitancin mutane, wato Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji, su ne dai take nema ga mai son likitancin dabbobi. Ka ga ashe hanyarku ɗaya da yaron har zuwa bakin ƙofa, rigimar me kake yi tun daga zaure?

Kuma jami'ar nan taku, in ana maganar girmama abin da mutum ya so da kansa, ai ta fi ka wayo. Ciro naira ashirin a aljihunka, in akwai, ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a wurin gwaggonta tun tana yarinya, ba ta yi zaman aji ba. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, garin da 'yan'uwanku Zage-zagi suka kafa da suka yi gudun hijira. Tukwanenta suka kai ta Ingila da Amurka, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta yafa mata rigar dakta. A 1988 ta sake yafa wa Mamman Shata, mutumin da mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Wato ku Zage-zagi sai abu ya nuna a gonar wani ku zo da alkyabba da hula mai tuntu, amma in ya tsiro a bayan madafarku ku ce ciyawa ce.

Shi kuwa Jelani Aliyu ma ta hannunku ya bi ya wuce. Yaro ne ɗan Sakkwato da ba shi da aiki sai zanen motoci. Ya samu shiga jami'arku karatun zanen gine-gine, ya ga ba nan zuciyarsa take ba, ya koma kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, daga can ya wuce Detroit ta Amurka ya karanci zanen mota, kamfanin General Motors ya ɗauke shi a 1994. Shi ya zana samfurin motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki da aka nuna wa duniya a 2007. Ka ƙaddara yana yaro wani ya tattara takardun zanen nan ya ba mai ƙosai.

Ba na cewa tsoronka ba shi da tushe. Na san abin da ke hana ka barci, don ni ma uba ne. Kana ganin masu digiri suna jan A Daidaita Sahu, kana lissafin shekarun da suka rage maka a aiki, kana son ka bar yaron a kan abin da ba zai yi bara ba. Kuma gaskiya ne akwai 'yan tattabarar da ba su da aiki sai hawa katangar mutane, da jifa, da janye tsuntsun maƙwabci, da dambe a kan wa ya kama na wa. Irinsu ne suka ɓata wa kiwon suna, har malamai suka yi magana a kan mai yini yana bin tattabara. Da irin wannan ne autanka, da ni zan aiko maka da dorina daga Kurmi. Amma mai bin tsuntsu daban, mai nazarinsa daban. Al-Jahiz na Basra, wanda malamanku na cikin birni ke ji da Larabcinsa, ya ware wa tattabara babi mai tsawo a Kitabul Hayawan, bai ga ya zubar da girma ba. Mu 'yan jarida ma ita ce kakarmu a sana'a: a 1850 da tattabaru Reuter yake aika farashin kasuwa tsakanin Brussels da Aachen, kafin waya ta haɗe garuruwan. Kai kanka da ka je aikin hajji, hotunan da ka cika mana waya da su rabi duk kai ne a tsakiyar tattabarun Makka, kana washe baki. Su waɗancan masu albarka ne, na gidanka kuma 'yan iska?

Kada ka ce na zo ina wanke Kanawa. Mu ma muna da tamu cutar, sai dai ta fi taku riba. Ku kuna tambayar yaro "wace takarda za ta ba ka?", mu muna tambayarsa "nawa ake samu?", in bai ba da amsa ba gobe ya tsinci kansa a shago yana auna yadi. Ni nan da kake gani, ina aji biyar na firamare ba abin da nake so kamar in ga cikin rediyo. Na tara matattun batura ina shanya su a rana, na haɗa mota da karan dawa da ƙaramin ƙwan tocila har tana haska fitila. Wata rana na kwance rediyon mahaifina, Allah ya jiƙansa, don in ga inda mai labarai yake zama. Na mayar da komai daidai, sai ƙusa uku da suka yi saura, rediyo kuma ya ɗauke magana. Dukan da na sha ran nan shi ya raba ni da sukundireba har yau. Ga ni nan, fanka in ta tsaya sai na kira yaro na biya shi, ina tsaye a kansa ina kallon hannunsa, wani abu yana motsa mini a ƙirji. Ban riƙe tsohona da komai ba, rediyon nan da kuɗin gyaɗarsa ya saya. Amma a 2007, da aka yi ta labarin wani ɗalibin fizis na Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda da tarkacen motoci, har ya ɗaga daga ƙasa, mutane suna ta dariya wai bai wuce tsayin katanga ba, ni ban yi dariya ba. Ƙusoshin nan uku na tuna.

(Ka lura dai, jirgin a Kano aka haɗa shi. Ku kuna da makarantar koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, har yau ban ji Bazazzagen da ya ƙera ko fiffike ba.)

Saboda haka ga hukuncin ubangida, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Naka kiwon tsofaffin jaridu ne, ba wanda ya hana ka. Ka bar wa yaro tsuntsayensa. Ku yi yarjejeniya irin ta manya: safe da yamma nasu ne, tsakanin magariba da lisha na kemistiri ne, kuma kai za ka zauna da shi, ba ka tura shi ɗaki ka kama sauraren labarai ba. Ranar da ka samu sarari ka sa shi a mota, shi da littafin nan nasa, ka kai shi Samaru wurin abokanka masu duba dabbobi, ya nuna musu shafin launuka. Ka tsaya a gefe ka kalli fuskokinsu. In bayan haka yaron ya ce shi mutane yake so ya duba, falillahil hamdu, ka samu likitan da ya iya lura. In ya ce dabbobi, ai ka huta, ka samu mai duba ka kyauta.

Wannan shi ne kuɗin sharata na bana, na yafe maka na hannu, da ma ba cika biya kake yi ba. In kuwa ka ƙi ji, ka kwashe su ka kai kasuwar Sabon Gari, to bari in gaya maka abin da yaron ya sani kai ba ka sani ba: tattabarar da ta girma a gida ba ta manta shi. Ranar da mai saye ya sake su, kafin a kira magariba suna kan katangarka, washegari kuma yana ƙofar gidanka da mai unguwa, a ce Malam ya sayar da kaya ya kuma janye abinsa. Ni kuwa in aka kira ni shaida, rantsuwa zan yi cewa halinku ne tun kaka da kakanni.

Ina nan tafe ranar Asabar ta sama. A gaya wa uwargida farfesun 'yan shila nake so, guda huɗu, da yaji sosai. A wurin autanka za a saya, a farashin da ya yanka da bakinsa, ba ragi, kai za ka biya, kuma sai na ga ya rubuta a littafi kafin in sa hannu a kwano.